Tsohon mawaƙi ya dawo da sabon faifai: muryarsa ce ko aikin na'ura, kuma wa ke cin kuɗin?

Duk sanda rediyo ya ba da labarin cewa wani tsohon mawaƙin buluz-rok na Amurka ko Ingila, mai shekara 70 ko 80, ya fitar da sabon faifai bayan dogon shiru, gardama iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Garwa da Marwa da Njamena, musamman tsakanin samari masu sutudiyo da masu tura waƙa a waya. Wani ya ce talauci ne ya koro shi. Wani ya ce ai ba shi ke waƙar ba, kwamfuta ce ke rera masa. Dattijon da ya san mawaƙin tun zamanin kaset kuma ya ce a bar shi, da tsohuwar zuma ake magani. Kowa ya riƙo wani abu, amma ba wanda ya riƙo duka. To me ke cikin irin wannan faifai da gaske, yaya ake haɗa shi da muryar da ta yi shekara hamsin tana aiki, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

Mene ne buluz-rok, kuma me ya sa bai zame wa kunnenmu baƙo ba

Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka ne, jikokin bayi. Ya kafu tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, musamman a gonakin audugar Misisipi, inda mutum ɗaya ke zama da jitarsa yana rera abin da ya dame shi. Da mutanen suka yi ƙaura zuwa biranen arewa irin su Shikago, aka jona jitar da lantarki, aka ƙara ganguna da bes da hamonika da piyano. Kamfanin Chess, wanda ya fara da wannan suna a 1950, shi ya ɗauki yawancin manyansu. A shekarun 1960 samarin Ingila suka samu waɗannan faya-fayai, suka koyi kiɗan, suka ƙara masa nauyi da ƙarar amfilifaya. Abin da ya fito shi ne buluz-rok. Ƙungiyar Rolling Stones ma daga wata waƙar Muddy Waters, ɗaya daga manyan mawaƙan buluz na Shikago, ta samo sunanta.

Ginin kiɗan ba shi da sarƙaƙiya. Zagaye ɗaya gaɓa 12 ne, a kan kod uku kacal, wato haɗin sautukan da jita ke bugawa tare: gaɓa 4 a kan na farko, 2 a kan na biyu, 2 a koma na farko, 1 a kan na uku, 1 a kan na biyu, 2 a dawo gida. Mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, layi na uku ya ba da amsa, jita kuma tana cike giɓin da ya bari. Tsanin sautin yawanci biyar ne, irin wanda mai goge ko mai garaya ke hawa. Abin da ya fi muhimmanci, kuma za mu dawo kansa, shi ne lanƙwasa: mawaƙin buluz yana zama da gangan a kan sautukan da suka faɗa tsakanin maɓallan piyano biyu, yana jan murya sama ko ƙasa kafin ya sauka.

Masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya ɗauki sautin makaɗa a Kamaru a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan salon rera waƙa da kayan tsirkiya ya fi kama da na yankin da ya taso daga Mali, ya ratsa arewacin Najeriya, ya shigo Kamaru, fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Wannan bai mayar da buluz kiɗan Hausa ba. Gaɓa 12 da kod uku a Amurka aka haife su. Amma ya isa ya bayyana dalilin da ya sa mutumin Gaundare ke jin sa ya gyaɗa kai tun kafin ya san abin da ake faɗa.

Abin da ake nufi da dawowa

Ba kowane sabon faifan tsoho ne dawowa ba, kuma shirun ma iri-iri ne. Akwai wanda ya daina gaba ɗaya saboda ciwo, ko shaye-shaye, ko rashin wani nasa. Akwai wanda bai taɓa barin dandali ba, kullum yana yawon wasa, sabbin waƙoƙi ne kawai bai fitar ba. Rolling Stones haka suke: tsakanin 2005 da 2023 ba su fitar da faifan sabbin waƙoƙin kansu ba, shekara 18, alhali suna cika filayen ƙwallo, kuma mawaƙinsu Mick Jagger yana da shekara 80 lokacin da faifan ya fito. Akwai kuma na uku, wanda ya fi yawa: mawaƙin yana nan, yana aiki, kasuwa ce ta juya masa baya.

Mawaƙiyar Amurka Bonnie Raitt ta wannan sahun ce. Kamfanin Warner ya sallame ta a 1983 saboda cinikin faya-fayanta bai gamsar da shi ba. Ta rabu da giya, ta shiga kamfanin Capitol, ta fitar da faifanta na goma a 1989 tana gab da shekara 40, da waƙoƙin da ke magana a kan girma da wucewar lokaci. A bikin Grammy na 1990 ta ɗauki kyauta huɗu, faifan ya hau na ɗaya a Amurka. Muryarta ba ta taɓa tafiya ko'ina ba. Abin da ya canza shi ne kamfani, da furodusa Don Was, da zaɓen waƙoƙi.

A kusa da mu, labarin Boubacar Traoré na Mali ya fi kama da na mawaƙanmu. A farkon shekarun 1960 rediyon Mali kullum shi yake sawa, amma ba shi da faifai a kasuwa, don haka sunan bai kawo kuɗi ba. Ya ɓace har wasu suka ɗauka ya mutu, ya je Faransa yana aikin gini, sai a kusa da 1990 aka nemo shi aka ɗauki faifansa. Mai cewa talauci ke koro su, a nan ya yi gaskiya. A kan Jagger kuwa maganar ba ta da tushe.

Abin da shekaru ke yi wa murya da kunne

A cikin maƙogwaro akwai tantani biyu, tsawon kowanne bai wuce santimita 2 da rabi ba ko a wajen babban namiji. Iska daga huhu ce ke kaɗa su: wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa idan namiji na magana, kusan 200 idan mace ce, sau 440 idan aka hau sautin da makaɗa ke daidaita kayansu da shi. Da tsufa naman tantanin yana ramewa, gefunansa su ɗan lanƙwashe, su daina haɗuwa sosai a tsakiya. Ta wannan kafa iska ke zurarewa. Shi ya sa ake jin huci a muryar tsoho, kuma layin da yake ja da numfashi ɗaya a da yanzu sai ya yanka shi biyu. Guringuntsin maƙogwaro yana ƙara tauri, huhu yana rage ɗauka. Muryar mace takan yi ƙasa bayan ɗaukewar al'ada. Namiji kuma saman muryarsa da tsayuwarta a kan dogon sauti su ke fara tafiya.

Taba, giya, da ruwan ciki mai ɗaci da ke tasowa maƙogwaro da dare suna hanzarta abin. Akwai kuma ƙulli da tsiro a kan tantanin, waɗanda ihu na shekaru ke haifarwa. Waɗannan ba tsufa ba ne, ciwo ne mai magani. Dushewar murya da ta wuce mako 3 ko 4 aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ya leƙa da kyamara kafin a kama ranar shiga sutudiyo. Zuma da citta suna sanyaya maƙoshi, amma ba sa taɓa tantanin, domin abin da aka haɗiye ta wata hanya yake bi.

Kunne ne aka fi mantawa da shi. Ƙa'idar kare ma'aikata ta ce ƙarar desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) ana iya jure ta awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya rage minti 15. Wanda ya shekara arba'in a gaban amfilifaya ya wuce wannan iyaka dare bayan dare. Jin siraran sautuka, wajen has 4,000, wato kaɗawa 4,000 a daƙiƙa, shi ke fara lalacewa. Sakamakon biyu ne a sutudiyo: mawaƙin yana kauce wa sauti domin ba ya jin kansa da kyau, kuma yana matsa wa injiniya ya ƙara kaifin sauti har faifan ya riƙa sukar kunnen mai lafiya.

Gyaran farko shi ne sauke waƙa. Ana sassauta tsirkiyoyin jita gida ɗaya ko biyu, wato matakin sauti ɗaya ko biyu, duk ƙungiya ta bi. Gida ɗaya yana rage bugun sauti da kusan kashi 6 cikin 100, kuma sau da yawa wannan kaɗan ɗin ya isa a daina jin mawaƙi yana shaƙewa a amshi. Amma akwai iyaka. Tsirkiyar da aka sassauta tana kaɗa ƙarfen wuyan jita sai an sa mai kauri. In aka sauka gida uku ko huɗu, murya takan nutse cikin yankin da bes da jita suke, tsakanin has 200 da 400, komai ya cakuɗe, kalmomi su ɓace. Kuskure na biyu shi ne rage gudun waƙa don a tausaya wa tsoho. Waƙa mai jan jiki dogon numfashi take nema, abin da ya fi rashi ke nan. Gara a bar gudun, a rage kalmomi, a bar wa jita ta ƙarasa layin.

Hanyoyi biyu na sutudiyo, da gaskiyar maganar kwamfuta

Furodusan da aka ba tsohon mawaƙi zaɓi biyu ne a gabansa: ya sa masa rigar zamani, ko ya mayar da shi ɗakin da ya saba. Muddy Waters ya ɗanɗana duka biyun. A 1968 Chess ya lulluɓe muryarsa da kiɗan samarin lokacin, faifan ya samu ciniki, shi kuwa bai ɓoye cewa bai so shi ba. A ƙarshen 1976, bayan ya bar kamfanin, mai jita Johnny Winter ya tara shi da makaɗa a ɗaki ɗaya, suka buga tare cikin 'yan kwanaki, har ana jin sowa tsakanin waƙoƙi. Wannan faifan, da ya fito a 1977, ya ci Grammy, kuma shi ake kira dawowarsa. Rolling Stones ma cikin kwana uku suka ɗauki faifan tsofaffin waƙoƙin buluz da suka fitar a 2016.

Bugawa tare tana da tsada ta wata fuskar. Ƙarar ganguna tana shiga makirfon mawaƙi, don haka in ya yi kuskure a baiti na biyu ba a iya cire muryar kaɗai ba tare da an ji ramin ba. Dabarar da aka fi bi ita ce tsaka-tsaki: a ɗauki makaɗa tare, mawaƙi yana ja musu gora daga ƙaramin ɗaki, daga baya ya sake rera waƙar sau uku zuwa shida. Injiniya ya zauna ya zaɓi layi mafi kyau daga kowace ɗauka ya ɗinke su. Wannan ɗinki ya girmi kwamfuta, da reza ake yanka tef a da. Inda yake ɓaci shi ne in an haɗa ɗaukar safe da ta yamma, ko mawaƙi ya matsa daga makirfo tsakanin ɗauka da ɗauka: kaurin murya ya riƙa canzawa a tsakiyar jimla. Haka nan in aka yanke duk numfashi, waƙar takan fita kamar ba mutum ya yi ta ba.

Sai Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, da 'yan uwansa irin Melodyne. Aikinsu ɗaya: su auna sautin da mawaƙi ya fitar, su ja shi zuwa maɓallin piyano mafi kusa. Ba sa ƙara numfashi, ba sa cike murya mai huci, ba sa koya wa mutum inda zai faɗa a kan ganga. A buluz kuma suna da wata illa ta musamman. Lanƙwasar nan da muka ambata, wadda ita ce gishirin kiɗan, na'ura kuskure take ɗaukar ta, sai ta miƙe ta. Duk mai sutudiyon da ya taɓa ɗora wannan manhaja a kan muryar mai waƙar goge ya san yadda abin ke fita: sautin ya daidaita, waƙar ta mutu. Injiniyan da ya san aiki ba ya kunna ta a kan waƙa gaba ɗaya. Da hannu yake taɓa dogon sauti ɗaya ko biyu da suka zame, ya bar sauran.

Abin da masu cewa kwamfuta ce ke waƙar suke nufi ya wanzu, amma wani abu ne daban. A 2024 an fitar da waƙa da muryar Randy Travis, mawaƙin Amurka da shanyewar ɓarin jiki ta hana shi waƙa tun 2013. Wani mawaƙi ne ya rera, aka ɗora masa kamannin muryar Travis da ƙirƙirarriyar basira, kuma an faɗi haka a fili. Hanyar gane mawaƙin da har yanzu muryarsa ce ba wuya: a nemi bidiyon wasansa na kwanan nan da 'yan kallo suka ɗauka da waya.

Dabara ta ƙarshe ita ce baƙi. Mawaƙin buluz John Lee Hooker ya haura 70 lokacin da faifansa na 1989 ya fito da mai jita Carlos Santana da Bonnie Raitt a ciki, kuma waƙarsa da Raitt ce ta kawo masa Grammy na farko a rayuwarsa. Baƙo yana jawo masu sauraronsa. Amma in suka yi yawa mai gida yakan zama ɗan rakiya a faifansa, kuma kowane baƙo sai kamfaninsa ya sa hannu kafin a saki waƙar.

Wa ke da waƙar, wa ke da ɗaukar

Nan ne mafi yawan mutane ke ruɗewa. Kowace waƙa da ke cikin waya dukiya biyu ce. Ta farko ita ce waƙar kanta, kalmomi da karin, mallakar wanda ya tsara ta. Ta biyu ita ce ɗaukar, wato ainihin sautin da aka naɗa a rana kaza, wadda ake kira masta, kuma bisa al'ada ta wanda ya biya kuɗin sutudiyo ce. Tsohon mawaƙi yana iya zama sananne a duniya alhali ba shi da ko ɗaya daga mastocin ƙuruciyarsa, wani lokaci ma har waƙoƙin ya sa hannu ya bayar. Muddy Waters da mai tsara waƙoƙin buluz Willie Dixon sai da suka kai kamfanin da ke riƙe da waƙoƙinsu kotu a shekarun 1970.

Wannan ke bayyana wani abu da ke ba masu sauraro haushi: tsoho ya dawo, rabin faifan tsofaffin waƙoƙinsa ne da ya sake rerawa. Ba lallai rashin basira ba ne. Sabuwar ɗauka tasa ce, in mai fim ko mai talla yana son waƙar, shi zai biya. Dokar Amurka ta 1976 ma ta ba mawallafi damar karɓe haƙƙinsa bayan shekara 35 a kan yarjejeniyar da aka yi daga 1978, in ya ba da sanarwa aƙalla shekara 2 kafin lokacin, kodayake kamfanoni suna jayayya a kan ko hakan ya shafi masta. Raitt ta bi wata hanyar: a 2012, bayan shekara bakwai ba sabon faifai, ta dawo a ƙarƙashin kamfanin kanta, Redwing.

Lissafin kuɗin

Kamfani yakan ba mawaƙi kafin alƙalami. Ba kyauta ba ce, daga kasonsa ake cirewa. A ɗauki misali da kuɗinmu: an kashe masa sefa miliyan 5, kasonsa kashi 20 cikin 100. Sai faifan ya shigo da miliyan 25 kafin ya ga ko dala, kuma a lokacin kamfani ya riga ya riƙe miliyan 25 ɗin.

Saurare ta intanet kuwa ba ya cika tukunya da wuri. A Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ba ta samun komai. Ƙiyasin da aka saba ji shi ne dalar Amurka 3 zuwa 5 a kan saurare dubu, wato saurare miliyan ɗaya bai wuce sefa miliyan 3 ba, kafin a raba. Sauraren da ya fito daga ƙasashenmu ya fi wannan araha, domin kuɗin rajista da na talla a nan ƙanana ne.

To me ya sa ake yi? Domin sabon faifai yana tayar da abubuwa uku da suka fi shi kuɗi. Yana ba da dalilin fita yawon wasa, inda tikiti yake. Yana mayar da mutane kan tsofaffin waƙoƙi, kuma a Amurka fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake saurare waƙoƙi ne da suka wuce wata 18 da fitowa. Yana kuma ɗaga farashin rumbun waƙoƙin in za a sayar, kamar yadda aka ruwaito mawaƙin Amurka Bob Dylan ya sayar da nasa a 2020 a kan fiye da dala miliyan 300. Masoya tsofaffin mawaƙa kuma suna cikin masu sayen faifan garmaho, wanda a 2022 ya fi CD yawan ciniki a Amurka karon farko tun 1987. Fuska ɗaya ta garmaho minti 20 zuwa 22 take ɗauka da kyau, shi ya sa irin waɗannan faya-fayai ke tsayawa a waƙa goma ko sha biyu.

Masu yabo da masu suka

Masu suka suna cewa tsoho yana ɓata sunan da ya gina, yana kuma tare wa yara hanya a rediyo da dandali. Ta farkon takan faru, amma kusan kullum a faifan da aka yi ƙoƙarin ɓoye shekaru ne: aka bar waƙa a saman da ba ya iya kaiwa, aka ba ɗan shekara 75 kalmomin saurayi, aka goge muryar da na'ura. Buluz yana cikin kiɗan da tsufa ba ya cutarwa, domin tun asali a kan nauyin magana da iya faɗawa a kan lokaci aka gina shi, ba a kan tsayin murya ba. Ta biyun kuwa ba ta da ƙarfi. Mai sayen tikitin ɗan shekara 80 ba kuɗin yaro ya karkatar ba, kuma makaɗan da ke bayan tsohon yawanci matasa ne da ke cin abinci a wurin.

In za a yi irinsa a Garwa, Marwa ko Njamena

Muna da tsofaffin masu goge da garaya da molo da mawaƙan fada waɗanda sautinsu bai wuce kaset ɗin biki da rumbun gidan rediyo ba. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafe su, sai dai yanayinmu yana ƙara nasa.

Lokaci: hunturu yana busar da maƙogwaro, zafin Maris da Afrilu kuma yana haura digiri 40, dole a kashe fanka da na'urar sanyi yayin ɗauka saboda ƙara. A ɗauki murya da hantsi ko bayan la'asar, zama ɗaya kada ya wuce minti 40 ba hutu, waƙa biyu a rana ta isa. Ruwa ya fara sha tun daren jiya, domin wanda aka sha a bakin makirfo bai kai ga tantani ba tukuna. Kada a kama ranar ɗauka washegarin biki.

Makirfo: a ɗakin bulo mai rufin kwano, makirfo mai tsananin ji, irin mai buƙatar wutar bolt 48, yana kwaso amon bango da kukan babur da injin maƙwabta. Irin na hannu kamar Shure SM58, tazarar yatsu huɗu daga baki, ya fi ba da sauti mai tsabta. Katifu da barguna masu kauri a bango suna rage amo. Kwalin ƙwai ba ya yin komai. A naɗa a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, bit 24, kilohas 48, ƙololuwar sauti tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da iyaka, domin tsohon mawaƙi yakan yi ƙasa-ƙasa sannan ya ɓarke ba sanarwa. Wanda bai saba da abin kunne ba kada a tilasta masa, a zaunar da makaɗansa da 'yan amshinsa kusa da shi yadda suka saba, ko da sautin zai ɗan shiga na juna.

Wuta: gurnanin has 50 da ake ji a ƙarƙashin ɗauka yawanci daga jona kaya a soket daban-daban ne ko rashin wayar ƙasa. A jona komai a wuri ɗaya. In da hali a yi ɗaukar da batir, injin wuta a kashe, kuma a ajiye kwafi biyu a wurare biyu tun ranar.

Tsofaffin kaset: kafin a juye su a goge kan rediyon da auduga da sifirit, a duba ɗan soson da ke danne tef ɗin bai faɗi ba, a juya ƙaramin sukurun da ke gefen kan har siraran sautuka su fito fes. A juye sau ɗaya zuwa WAV, ba MP3 ba. Manyan tef na faifai na shekarun 1970 da 1980, irin na rumbun rediyo, wasunsu suna yin danƙo. Irin waɗannan ƙwararru kan gasa su awoyi a zafin da bai wuce digiri 55 ba kafin a kunna. Shanya su a rana ba madadin wannan ba ne, lanƙwashewa za su yi.

Takarda: kafin a kunna makirfo a rubuta wa ya tsara kowace waƙa, wa ke da masta, kason mawaƙi nawa, makaɗa sallama za a yi musu ko kaso, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi. In mawaƙin ba ya karatun boko a karanta masa da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi a gaban shaidu da ɗaya daga 'ya'yansa. A yi rajistar waƙoƙin a hukumar kare haƙƙin mawaƙa, SONACAM in a Kamaru ne, ko BUTDRA in a Chadi ne. Dokar Kamaru ta 2000 tana kare waƙa har shekara 50 bayan rasuwar mai ita, ma'ana tana cikin abin da magada za su raba. Kowace ɗauka a sama mata lambar shaida ta ISRC mai harafi da lamba 12, wadda kamfanin rarrabawa ke bayarwa, kuma a tabbatar da hanyar da kuɗin zai iso hannu kafin a ɗora. A kuma bincika YouTube da Audiomack da Boomplay tun da wuri: in wani ya riga ya ɗora tsohon kaset ɗin da sunansa ta hannun kamfanin rarrabawa, na'urar YouTube tana iya ɗaukar sa a matsayin mai haƙƙi, ta karkatar masa da kuɗin tallan, har sai an shigar da ƙorafi da hujjar mallaka.